Wasan Cike Gurbi Na Bayan Jarida

   

To, yau ina so ki ɗan jingine muciya ki nemo fensir. Idan babu, ki ari na ɗan makarantar gidan, amma ki mayar masa kafin gari ya waye kada a yi kuka. Ki haɗa da 'yar takarda, ko da bayan kwalin ashana ne ko bangon tsohon littafi.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, kwanakin baya na je barka gidan wata ƙawata da muka yi sakandare tare. A ajinmu ita ce mai ɗaga hannu kafin malam ya rufe baki. An yi mata aure da muka gama, yau shekara goma sha uku ke nan tana ɗakinta, Allah ya albarkace ta da 'ya'ya biyar. Muna cikin hira sai ga ɗanta na aji huɗu ya shigo da littafi, ya ce an ba su aikin gida, wai mene ne babban birnin jihar Jigawa? Sai na ga ta yi shiru. Ta ce, "Tsaya, yana bakina." Ta kira Haɗeja, ta ce a'a. Ta kira Gumel, ta ce ba shi ba ne. Yaron nan bai jira ba, ya naɗe littafinsa ya ce, "Bari Baba ya dawo, ke Mama ba ki sani ba." Ya fice abinsa.

Wallahi dariya muka yi a lokacin, amma da na dubi idonta na san maganar ta soke ta. Da za ta raka ni zaure sai ta ce da ni, "Kin san rabona da in riƙe biro tun ranar da na sa hannu a katin awo?" Ita fa ba ta manta Dutse don ba ta da ƙwaƙwalwa ba. Wuƙar da aka ajiye shekara goma sha uku ba a wasa ta ba, dole ta dakushe. Abin da ya fi damuna kuma shi ne yaron. Yau ya yanke hukunci a ransa cewa uwarsa ba wurin tambaya ba ce. Gobe idan tambayar ta wuce ta birnin Jigawa, ta zama ta abokan banza ko ta abin da ya gani a waya, wa kike jin zai nufa?

Shi ya sa na ce bari mu yi magana a kan wani ɗan dutsen wasa wuƙa da yake shigowa gidajenmu kyauta, muna hura wuta da shi. Kin san takardar jaridar da maigida yake shigowa da ita an ƙunshe tsire ko balangu? Ko wadda ake shimfiɗawa a kanta kafin a jera kwanuka? Wata rana ki duba shafukan baya, za ki ga wani zane mai kama da dara, gidaje-gidaje, wasu farare wasu baƙaƙe, da ƙananan lambobi a kusurwa, a gefe kuma an jero tambayoyi. Shi ne wasan cike gurbi. Kowace tambaya amsarta kalma ce, kowane farin gida harafi ɗaya yake ɗauka, baƙin gida kuwa katanga ce, ba a shiga. Wasu amsoshin a kwance ake rubuta su, daga hagu zuwa dama, wasu a tsaye, daga sama zuwa ƙasa. Inda kalmar kwance ta gitta ta tsaye, harafi ɗaya suke tarayya a kai, kamar maƙwabtan da katanga ɗaya ta raba. Lambar da ake sawa a ƙarshen tambaya kuma, ita ce yawan haruffan amsar.

Wasan nan ya haura shekara ɗari a duniya. Wani ɗan jarida ne mai suna Arthur Wynne, haifaffen birnin Libaful na Ingila da ya koma Amurka da zama, ya fara buga shi a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913, don ya cike shafin nishaɗi na lokacin Kirsimeti. Amma ki saurara ki ji, wadda ta gyara wasan ya zama abin da yake a yau mace ce. Sunanta Margaret Farrar. Sakatariya aka ɗauke ta a wannan jarida, aka jingina mata duba shafin wasan. Masu karatu suna ta aiko da ƙorafi, wai lambobi sun rikice, wai an tsallake tambaya. Ran da ta zauna ta gwada cikewa da kanta ta ga ashe ba ya cikuwa, sai ta kafa ƙa'ida, ba za a ƙara buga ko ɗaya ba sai an gwada shi tukuna. Tana cikin mutum uku da suka shirya littafin wasan na farko a 1924, wanda aka riƙa sayarwa haɗe da fensir. Jaridar New York Times, wadda a wannan shekara ta 1924 ta kushe wasan ta ce ɓata lokaci ne, ita ce ta dawo a 1942, ana tsakiyar yaƙi, ta ce a zo a buɗe mata nata shafin. Wa aka kira? Margaret. Ta riƙe shafin har 1969.

Akwai ma wani labari da nake so, na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila. Sojojin ƙawance suna shirin tsallaka teku su sauka a gaɓar Faransa ranar 6 ga Yuni, 1944, kuma sun laƙaba wa wuraren sauka da shirin kansa sunayen sirri. Sai ga sunayen nan suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya a matsayin amsoshi a wasan cike gurbi na jaridar Daily Telegraph ta Landan, cikin watan Mayu da farkon Yuni: Utah, Omaha, Overlord, Mulberry, Neptune. Hankalin jami'an leƙen asiri ya tashi, suka je suka titsiye mai shirya wasan, wani shugaban makaranta mai suna Leonard Dawe. Ba su same shi da laifi ba. Sai bayan shekara 40, a 1984, wani tsohon ɗalibinsa ya fito ya ce ai malam yakan ba su zanen su cike da kalmomi, su kuwa yara a bakin sojojin da aka girke kusa da makarantar suke tsintar kalmomin. Kin ji fa. Yaro ko a Ingila yaro ne, abin da aka faɗa a gabansa sai ya kai shi inda ba a aike shi ba.

To, mu dawo gida. Na san abin da za ki ce: na jaridun da ke shigowa hannunmu galibi da Turanci ne. Gaskiya ne. Kuma ko wadda ta iya Turancin, sau da yawa za ta tarar tambayoyin an kwaso su ne daga wata ƙasa, a tambaye ki sunan wani ƙaramin kogi a Ingila ko wani ɗan wasan da ko maigida bai taɓa jin sa ba. Idan kin kasa irin wannan kada ki ce ke ce jahila. Ba don ke aka shirya shi ba. Shi mai shirya shi ɗin, a tambaye shi rijiyar da Bayajidda ya kashe maciji a Daura, haruffa shida, mu gani ko zai ce Kusugu. Don haka ni yau namu na zo mana da shi, da Hausa, na zauna na ƙulla shi da kaina.

Ɗauki fensir. Zana akwati mai gida biyar a kwance, gida biyar a tsaye, ashirin da biyar ke nan. Layi na ɗaya ki bar shi fari duka. A layi na biyu ki baƙanta gida na biyu da na huɗu. Layi na uku fari duka. Layi na huɗu ki sake baƙanta gida na biyu da na huɗu. Layi na biyar fari. Baƙaƙen gidaje huɗu ke nan. Yanzu lambobi: gidan farko na layin sama ki sa 1, na uku ki sa 2, na biyar ki sa 3. Gidan farko na layi na uku ki sa 4, gidan farko na layin ƙasa ki sa 5. Kowace amsa haruffa biyar ce. Ga tambayoyin.

Na kwance. Lamba 1: birnin da ya karɓi sarauta daga hannun Legas a 1991. Lamba 4: abin da Jibiya da Maigatari da Illela suke bakinsa. Lamba 5: ana ciyar da shi kullum, ranar da zai biya sai an fasa shi.

Na tsaye. Lamba 1: 'yar Bakwa Turunku, mai ganuwa. Lamba 2: sunan farko na shugaban ƙasa ɗan Katsina da ya rasu a kan mulki a 2010. Lamba 3: ma'aikacin ofis mai riƙe da rubuce-rubuce.

Kada ki ce sai kin bi su a jere. Wannan shi ne kuskuren farko da kowa yake yi, a tsaya a kan lamba 1 ana ta zufa. Ki fara da wadda kika tabbatar, ko da ita ce ta ƙarshe. Wadda kika sani ita za ta ba ki satar amsar wadda ba ki sani ba. Ki ce kin gane 1 kwance, kin rubuta ABUJA. To kin ga nan take kin samu haruffan farko na duk kalmomin tsaye guda uku: A, da U, da A. Shugaban ƙasa ɗan Katsina da sunansa ya fara da U? UMARU, wato marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya hau mulki a 2007 ya rasu ranar 5 ga Mayu, 2010. Sarauniya mai ganuwa da ta fara da A? AMINA ta Zazzau. Yanzu dubi layi na uku, kin riga kin samu I a farko, A a tsakiya. Jibiya tana jihar Katsina, Maigatari tana Jigawa, Illela tana Sakkwato, me ya haɗa su? Dukkansu suna bakin IYAKA da Jamhuriyar Nijar. Layin ƙasa ya fara da A, tsakiyarsa U, kuma ina jin wannan ko ba satar amsa uwargida ta san shi, don akwai shi a ƙarƙashin gado: ASUSU. Saura 3 tsaye, kin samu A, gurbi, A, gurbi, U. Ko ba ki taɓa shiga ofis ba, haruffan da kansu za su raɗa miki AKAWU.

Kin ga daɗin abin? Amsar da ba ki sani ba, maƙwabtanta sun kawo miki ita har ɗaki. Kuma idan kin yi kuskure zanen da kansa zai tona, don harafin ba zai zauna ba. Malami ne da ba ya duka, ba ya kuma yi miki dariya a gaban yara.

Amma ni a wurina cike gidajen rabin aikin ne. Kowace amsa ƙofa ce, idan kin tura za ki tarar da ɗaki. Ɗauki Abuja. A 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, aka yanke shawarar gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, amma gwamnati ba ta tare ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Sunan kuma aro ne. Asalin Abuja shi ne garin da yau ake kira Suleja, wanda sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa bayan jihadi, aka sa masa sunan sarkinsa Abu Ja. Da sabon birni ya karɓi sunan, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. A wannan tsohuwar Abuja ce wata mata maginiyar tukwane ta yi suna har ƙasashen waje. Buɗe bakin zaninki ki ciro naira ashirin. A gaba Murtala ne, juya bayan. Matar nan da kike gani tana gina tukunya, Ladi Kwali ke nan, ta rasu a 1984. Sau nawa kika miƙa ta aka sayo miki daddawa ba ki san sunanta ba? Ga tambaya kin samu ta yi wa yara yau da dare: macen da ke bayan naira ashirin, haruffa huɗu da biyar. Kuɗin cefane kaɗai ya ishe ki tambayoyin mako guda. Naira biyar Abubakar Tafawa Ɓalewa, naira ɗari biyu Sardauna Ahmadu Bello, ita kanta nairar a 1973 ta maye gurbin fam da sule. Kalmar akawu ma da muka rubuta ɗazu baƙuwa ce, daga Yarabanci muka aro ta, inda suke ce wa marubuci akowe.

Wani abin lura, amsa ɗaya tana iya samun tambaya goma, kuma a nan ake gane gwanin shiryawa. AMINA ɗin nan, in yara ƙanana za ki yi wa, sai ki ce sunan mahaifiyar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. In 'yan firamare ne ki ce sarauniyar Zazzau. In kuwa maigida kike so ki ɗaure, mai sauraron labaran duniya safe da yamma, sai ki ce 'yar Nijeriyar da aka naɗa mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017. Amsa ba ta canza ba, tsanin ne kike ƙara wa tsawo.

Tambayoyin kansu iri-iri ne. Akwai ta kai tsaye, wadda ko kin sani ko ba ki sani ba: garin da kogin Kwara ya haɗu da Binuwai, haruffa shida, LOKOJA. Akwai ta cike karin magana, wadda tsofaffin gida suka fi kowa iyawa, kuma ina ba ki shawara ki riƙa sa irinta don a jawo kaka cikin wasan. Akwai kuma wadda na fi ƙauna, mai harshen damo. A nan Hausa ta fi Turanci daɗin wasa, saboda a rubutun boko ba ma nuna jan wasali ko hawa da saukar murya, sai kalmomi biyu da baki ya bambanta su zama ɗaya a takarda. Saurari wannan: ana kwana a kansa, ana kuma rabonsa bayan rasuwa, haruffa huɗu. GADO. Ga wata: ana zaune a cikinsa, ana kuma tuƙa tuwo da shi. GARI. Wata kuma: ana miya da ita, jariri ya iya shi tun ranar haihuwa. KUKA. Ki faɗe su da baki ki ji, gadon kwana daban, gadon dukiya daban, amma a gidajen zane haruffan nan huɗu ne dai.

Kin ga ashe abin ba baƙo ba ne. Wace ce a cikinmu ba ta zauna gaban kaka da dare ana kacici-kacici ba? Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, a ce tsintsiya. In kin kasa a ce ki ba da gari. Shi ne dai aka yi wa gidaje aka ƙirga haruffa. Abin da Bature ya ƙara kawai fensir ne.

Sai dai akwai ramuka, bari in nuna miki su kada ki faɗa. Na farko haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Idan kalmar kwance tana da ƙ, ta tsayen da ta gitta ta a wannan gida dole ita ma ƙ ce, ba a yi mata alfarma. Ni a nan ba na sassauci ko kaɗan, don rashin kula da ƙugiyar nan shi ya sa yaranmu suke rubuta wasiƙa ka rasa ko ɗaki suke nufi ko wani abu daban. Sai haruffa masu tagwaye irin sh da ts. A makaranta an koya mana sauti ɗaya ne, amma a wasan nan ku yi yarjejeniya tun farko cewa kowane harafi gidansa daban. SHINKAFA gida takwas, TSINTSIYA gida tara. In ba a yi wannan yarjejeniya ba, ranar nan za a kwana ana musu da kishiya.

Rami na gaba sunayen garuruwa. Sakkwato takwas ce, Sokoto shida. Zariya shida, Zaria biyar. Babban birnin Nijar, in Yamai ne biyar, in Niamey ne shida. Garin da Bafaranshe ya ce Zinder, mu Damagaram muka sani. Kafin ki ce amsarki ba daidai ba ce, ƙirga gidajen ki gwada ɗaya rubutun.

Babban ramin kuwa shi ne tsufan tambaya. Jaridar ƙunshin tsire ba ta yau ba ce, ilimin da muka baro a makaranta ma ba na yau ba ne. Da yawanmu an koya mana cewa Sudan ce ƙasa mafi girma a Afirka. Haka ne a da. Amma tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, Aljeriya ce. Wadda aka koya wa jihar Gongola, to tun 1991 aka raba ta gida biyu, Adamawa da Taraba. Ƙasar da iyayenmu suka sani da Zayar ta koma Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a 1997. Jihohin Nijeriya kansu, 12 ne a 1967, suka zama 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996. Saboda haka in yaro ya ce, "Mama ba haka malam ya ce ba," kada ki hau shi da faɗa, kada kuma ki yi zuciya ki ce shi ke nan an wuce ki. Ki ce ya kawo littafin ku duba tare. Wataƙila ke kina da gaskiyar jiya ne, shi yana da ta yau, in kun haɗa sai ya san abin da malam ma bai gaya masa ba, wato yadda aka yi aka canza.

Na san wata tana can tana cewa, "Ke dai kin samu wuri. Ni da ban gama wanke-wanke ba sai a kira la'asar, ina na ga lokacin zane-zane?" Ban musa ba, aikin gida ba ya ƙarewa. Amma 'yar uwa, mu faɗa wa juna gaskiya, wadda ta samu sa'a biyu ta kalli fim, ko ta bi hirar waya har caji ya ƙare, ba za ta rasa minti goma sha biyar ba. Kuma wasan nan ba ya hushi. Ki cike biyu ki tafi ki duba tukunya, ki dawo yana nan inda kika bar shi. Sau da yawa ma amsar da ta ƙi zuwa kina zaune, kina tsakiyar daka za ta faɗo miki. Ba kuma zan yi miki alkawarin da ba nawa ba, in ce wai maganin mantuwar tsufa ne. In mantuwa ta yi yawa har ta fara taɓa harkokin yau da kullum, wannan maganar likita ce. Abin da na sani shi ne hannun da yake rubutu kullum ba ya manta rubutu.

Wadda kuma ba ta yi boko ba, ko ta tsaya a aji uku, kada ta ce ba da ita ake ba. Ke ki riƙe sani, yaro ya riƙe fensir. Shi ya iya haruffa, amma bai san sunan ranar da ake kai amarya a garinku ba, bai san sunayen Hausa Bakwai ba sai ya duba littafi, bai san mece ce malafa ba balle ya san Nana Asma'u 'yar Shehu ita take naɗa wa jajis ɗinta ita, su bi ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu. Ita ma fa ba ta jira an gina wa mata aji ba, ilimin ta aika musu har ɗaki, kuma ta rasu tun 1864 ana ci gaba da aikin. In kina faɗa yana rubutawa, kina kallon hannunsa, ba za a yi wata uku ba sai kin fara gane haruffan da kanki. Na ga wadda ta koyi rubuta sunanta ta wannan hanya, a hannun jikarta.

In za ki ƙulla naki, ga yadda nake yi. Amsoshi ake fara jerawa, tambayoyi su biyo baya. Ki fara da kalmomi biyu kawai da suka gitta juna, kamar KANO a kwance, NONO ya sauko daga N ɗinta. In hannu ya faɗa sai ki ƙara. Irin zanen da muka yi ɗazu, sirrinsa kalmomin da suka fara da wasali: ayaba, azumi, akuya, inuwa, iyali, agogo, arewa. Ki tara su a bayan littafi, za ki ga suna shiga juna kamar an auna. Sharaɗi ɗaya ne, kuma shi ne na Margaret: kada ki ba kowa sai kin gwada da kanki kin ga ya ciku. Kada kuma ki sa tambayar da ke kanki ba ki tabbatar da amsarta ba. In kina shakka ki tambayi maigida, ko malamar Islamiyya, ko ki sa a duba miki a littafi. Ƙarya ɗaya in ta shiga kan yaro da sunan wasa, fitar da ita sai an sha wuya.

A gidan da ake da yawa abin ya fi armashi. Wadda ba ta da girki ranar ita ce mai shiryawa, sauran su cike bayan sallar isha'i. Ana iya aika wa maƙwabta ta hannun yara, su ma su aiko da nasu. Ƙawar nan tawa da na ba ki labari, na koma gidanta bayan sati uku da 'yar takarda irin wannan. Ta cike biyar cikin shida kafin shayi ya huce, ta shidan kuma ta hana ni faɗa. Da yamma ta aiko yaron nan dai, mai Jigawa, da amsar a rubuce, da kuma wata tambayar tata wai in ba shi amsa in na isa. Na ce masa ban gane ba, ya koma ya tambayi Mama.

Ga tata ɗin, na kawo miki ita ki kwana da ita. Haruffa huɗu. Dabbar dawa ce, mai sayar da ruwa yana tura ta a layi, kuma ƙaramar hukuma ce a jihar Kano. Ki kula, babu ƙugiya a cikinta. Wadda ta gane ta sa a rubuto mana, ta haɗo da tambaya ɗaya tata ta kanta, za mu karanta waɗanda suka fi daɗi.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu da rai da lafiya. A gaida yara, a gaida maigida. Wassalamu alaikum.